Raunanan makullan intanet: abin da ya kamata ku sani game da su da yadda ake zaƙulo su

A daren 3 ga watan Nuwamban 2017, gwamnatin Estoniya, wata ƙasa a arewacin Turai mai mutane kusan miliyan 1.3, ta dakatar da shaidar lantarki da ke cikin katin ɗan ƙasa kimanin 760,000. A can da wannan kati ake shiga asusun banki, da shi ake sa hannu a kan yarjejeniya, da shi ake jefa ƙuri'a ta intanet. Katunan suna cikin aljihun masu su, wa'adinsu bai ƙare ba, ba kuma wanda ya kai ƙarar an yi masa sata. Makullin lissafin da ke cikin kowane kati ne aka gano an ƙera shi da aibi, ta yadda mai kuɗi da kwamfutoci zai iya sassaƙa irinsa ba tare da ya taɓa ganin katin ba.

Abin da ya rufa wa Estoniya asiri shi ne tana da rajista. Hukuma ta san katunan da aka buga da guntun na'urar mai aibi, ta san lokacin da aka fara raba su, ta san masu riƙe da su. Bankuna da jami'o'i da asibitoci da ma'aikatu a ko'ina cikin duniya suna da irin waɗannan makullai, wasu ɗaruruwa, wasu dubbai, kuma da yawa daga cikinsu ba za su iya faɗin adadinsu ba idan aka tambaye su yau. Ga bayanin yadda makulli ke yin rauni, da yadda masu aikin tsaron kwamfuta ke tambayar rumbun ajiyarsu domin ya fito musu da marasa ƙarfin.

Mece ce takardar shaidar intanet?

Duk lokacin da kuka buɗe manhajar banki a waya, ko shafin duba sakamakon jarabawa, kafin a nuna muku komai wayar takan nemi shafin ya gabatar da kansa. Abin da yake miƙo mata shi ne takardar shaida, wadda ma'aikatan kwamfuta ke kira satifiket. Ƙaramin fayil ne da ke ɗauke da sunan shafin, da ranar da aka ba da shi, da ranar da zai daina aiki, da sa hannun kamfanin da ya tabbatar da shi, irin su DigiCert ko Sectigo ko Let's Encrypt. Sai kuma abu mafi muhimmanci, wato makulli.

Makullin tagwaye ne. Akwai na fili, wanda ke rubuce a jikin takardar, kowa na iya gani. Akwai na sirri, wanda ke ɓoye a kwamfutar mai shafin. Kamar a ce ɗan kasuwa ya raba wa abokan cinikinsa kwaɗo a buɗe: kowa na iya kulle akwati da shi ya aiko masa, amma ɗan makullin da ke buɗewa yana ɗaure a ƙugunsa shi kaɗai. Da na sirrin nan ne shafi ke tabbatar wa wayarku cewa shi ne bankin na gaske. Wanda ya mallake shi zai iya tsayawa a tsakaninku da bankin, ya amsa sunan bankin, wayar kuma ba ta da hanyar ƙaryata shi.

Ina ƙarfin makulli yake?

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977 a Amurka. Ya ginu a kan lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu, irin su 7 da 13 da 61. Ana zaɓar biyu daga cikinsu a ɓoye, a ninka ɗaya da ɗaya, a bayyana sakamakon. Ninka 61 sau 53 aikin ɗan firamare ne, zai ba da 3,233. Amma a miƙa wa mutum 3,233 a ce ya faɗi lambobi biyun da suka haife ta, sai ya zauna da biro da takarda. Idan lambar ta kai tsawon ɗaruruwan alƙaluma, kwamfutocin duniya ma sai su gaza. Duk wanda ya iya warware ta kuwa ya sami makullin sirri.

Ana auna tsawon makulli da ma'aunin bit. Mai bit 512 lamba ce mai alƙaluma 155. Mai bit 1024 tana da 309, mai bit 2048 kuma 617.

Rauni na farko: gajarta

Masana sun warware lamba mai bit 512 a fili tun watan Agustan 1999. Mai bit 768 ta faɗi a watan Disambar 2009, mai bit 829 kuma a watan Fabrairun 2020. Abin da a da yake cin watanni da ɗaruruwan kwamfutoci ya yi ta sauƙi, har a 2015 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka nuna cewa da hayar kwamfutocin Amazon ta kimanin dala 75 ana fasa makullin bit 512 cikin kusan awa huɗu.

Manya ma ba su tsira ba. Wani masanin lissafi, Zachary Harris, ya lura cewa makullin da Google ke sa wa wasiƙun imel hannu da shi mai bit 512 ne. Ya fasa shi, ya aika wa ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin saƙo da sunan ɗaya abokin nasa, domin su ga ɓarakar da idonsu. Labarin ya fito a 2012, Google kuma ya koma bit 2048. A watan Nuwamban 2011 kuwa Mozilla da Microsoft sun janye amincewarsu daga wani kamfanin ba da shaida na Malesiya, bayan an gano ya ba da takardu 22 masu makullin bit 512.

Saboda haka ne ƙungiyar da ta haɗa masu ba da shaida da masu ƙera burauza, wadda ake kira CA/Browser Forum, ta rufe ƙofa ga duk makullin RSA da bai kai bit 2048 ba daga ƙarshen 2013. Har yanzu ba a ga wanda ya fasa bit 1024 a bainar jama'a ba, amma masana sun daɗe da yarda cewa bai fi ƙarfin gwamnati mai arziki ba. Sai dai wannan doka shafukan da jama'a ke shiga kawai ta ɗaure. Takardun da kamfani ya buga wa kansa domin amfanin cikin gida, da waɗanda suka zo a cikin tsofaffin na'urori, ba mai bin sawunsu sai mai su.

Rauni na biyu: mugun zaɓe

Makulli zai iya cika tsawonsa cif, ya kuma zama holoƙo. Lambobi biyun nan na ɓoye dole ne a zaɓe su ta hanyar canki-canka tsantsa, yadda ba wanda zai iya hasashe. Da zarar zaɓen ya bi wani tsari, tsawon ya tashi a banza. Ga misalai huɗu da aka gani a fili, kuma kowanne ya bar alamar da ake gane shi da ita.

Na farko shi ne na Debian, ɗaya daga cikin manyan manhajojin da ke tafiyar da sabobin intanet, wato kwamfutocin da shafuka ke zaune a kansu. A 2006 wani mai gyaran manhajar ya cire layi biyu daga OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullai, domin ya kawar da wani gargaɗi da na'urar gwaji ke yi masa. Ashe layukan ne ke zuba wa zaɓen abin da ke hargitsa shi. Daga nan har zuwa lokacin da aka gyara, duk makullin da aka ƙera da ita a Debian ko Ubuntu yana fitowa ne daga cikin kusan 32,767 kacal ga kowane iri da tsawo. Ku ƙaddara maƙerin da ke sayar wa 'yan kasuwa kwaɗo, kowa na zaton nasa daban ne, alhali duk zubin 'yan ƙalilan ne: ɓarawon da ya tara zubin a zobe ɗaya ya gama da kasuwar. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello, ɗan ƙasar Ajantina, ya gano matsalar. Shekara 16 bayan haka, a 2024, mai bincike Hanno Böck na Jamus ya tarar da wasu kamfanoni suna ci gaba da sa wa imel ɗinsu hannu da irin waɗannan makullai.

Na biyu shi ne tarayya a lamba. Na'urori irin su rauta da katangar tsaron sadarwa sukan ƙera makullinsu a daƙiƙun farko da aka kunna su, lokacin da ba su tara abin hargitsa zaɓe ba. Sai biyu daga cikinsu su zaɓi lamba guda iri ɗaya. Ga abin da ke faruwa da ƙananan lambobi. Makullin wani 3,233 ne, wato 61 sau 53. Na wani kuma 2,867, wato 61 sau 47. Mai kutse bai san ko ɗaya daga cikin lambobin ɓoyen ba. Zai raba 3,233 da 2,867, saura 366. Ya raba 2,867 da 366, saura 305. Ya raba 366 da 305, saura 61. Ya raba 305 da 61, ba saura. To 61 ta fito, kuma makullai biyun sun faɗi tare. Wannan dabara ta Yuklid ce, masanin lissafin Girka, ta haura shekara 2,000, kuma a kan lambobi masu alƙaluma 617 ma kwamfuta na gama ta cikin ƙiftawar ido. A 2012 Nadia Heninger da abokan aikinta sun tattaro makullan fili daga duk faɗin intanet, suka gwada su da juna, suka fito da makullin sirri na kusan kashi 0.5 cikin ɗari na na'urorin da ke amfani da takardar shaida.

Na uku shi ne wanda ya sami Estoniya, ana kiransa ROCA. Masu bincike a Jami'ar Masaryk da ke birnin Brno na Jamhuriyar Cek ne suka bayyana shi a watan Oktoban 2017. Manhajar da kamfanin Infineon na Jamus ya sa a guntayen na'urorinsa tana bin gajeriyar hanya wajen zaɓar lambobin, domin ta yi sauri. A ƙiyasin masu binciken, makullin bit 1024 irin wannan bai kai dala 100 ba wajen fasawa, na bit 2048 kuma tsakanin dala 20,000 zuwa 40,000. Guntayen suna cikin katunan shaida, da kwamfutocin cinya, da wasu 'yan na'urorin tsaro da ake maƙalawa a zoben makulli.

Na huɗu shi ne kusanci. Idan lambobin biyu suna dab da juna, wata hanya da Pierre de Fermat na Faransa ya bayyana a 1643 tana tone su. Ɗauki 8,051. Lambar da ta fi kusa daga sama wadda ake samu ta ninka lamba da kanta ita ce 8,100, wato 90 sau 90. Tazarar 49 ce, wato 7 sau 7. Cire 7 daga 90, ƙara 7 a kan 90: 83 da 97, su ne lambobin ɓoyen. A 2022 Böck ya sami wannan aibi a makullan da wasu firintocin Canon da Fujifilm ke ƙerawa.

Sa hannun ma yana tsufa

Akwai wani rauni da ake nema a lokaci guda, ko da yake ba a jikin makullin yake ba. Kamfanin da ke ba da shaida yana taƙaita takardar zuwa wani ɗan zanen yatsa na lissafi, sannan ya sa hannu a kansa. Idan aka iya ƙirƙiro takardu biyu masu zanen yatsa ɗaya, sa hannun ta gaskiya zai hau kan ta bogi. A watan Disambar 2008 masu bincike sun yi haka da tsarin MD5, da injinan wasan PlayStation 3 guda 200. A 2012 aka gano mugunyar manhajar Flame ta bi ta wannan kafa ta yi shigar Microsoft. Magajinsa SHA-1 kuma ya faɗi a fili a watan Fabrairun 2017, a hannun Google da cibiyar CWI ta Amsterdam. Yau SHA-256 ne mafi ƙarancin abin da ake karɓa.

Rumbun takardu da tagarsa

Babbar ma'aikata ba ta ajiye takardar shaida ɗaya. Shafin intanet na da tasa, manhajar waya na da tata, haka sabar imel, da hanyar da ma'aikata ke shiga daga gida, da kowace saba da ke magana da 'yar'uwarta. Domin kada lissafi ya kwaɓe, ana tara bayaninsu a manhajar kula da takardun shaida. Daga cikin sanannu akwai Venafi, da Keyfactor, da CertCentral na DigiCert, da Vault na HashiCorp, da ACM na Amazon.

Kowacce tana da allon da mutum zai zauna yana danna takardu ɗaya bayan ɗaya. Ga mai takardu 20 wannan ya isa. Mai 20,000 kuwa yana buƙatar API. Ku ɗauke shi a matsayin tagar da magatakardan rumbu ke zaune a bayanta: ba ka shiga ciki kana binciken durowa, kana miƙa tambaya a rubuce bisa ƙa'idar da ya sani, ya miƙo maka amsa a jere. Mai tambayar a nan 'yar gajeriyar manhaja ce da ma'aikacin tsaro ya rubuta, tana iya maimaita aikin kowane dare ba gajiya.

Yadda ake tsara tambayar

Abu na farko izini ne. Ana buɗe wa manhajar asusu mai ikon karantawa kawai. Aikinta dubawa ne, kuma ba ta buƙatar makullin sirri ko guda, domin duk raunin da aka lissafa a sama daga makullin fili ko jikin takardar ake gane shi. Manhajar bincike mai ikon sokewa ko fitar da makullan sirri ita kanta ɓaraka ce.

Na biyu, a faɗi abin da ake so a dawo da shi game da kowace takarda: lambarta, sunan da aka ba wa, wanda ya ba da ita, irin makullin, tsawonsa, irin sa hannun, ranar ƙarewa, na'urar da aka ɗora ta a kai, da mutumin da ke da alhakinta. Biyun ƙarshen nan su ne suka fi yawan zuwa fanko, kuma su ne ake nema ido rufe ranar da za a yi gyara.

Na uku, sharuɗɗan tacewa. A fito da duk RSA da ke ƙasa da bit 2048. A fito da duk mai tsohon tsarin DSA. A fito da duk makullin EC, wani tsarin daban da RSA, da ke ƙasa da bit 256. A fito da duk wadda aka sa wa hannu da MD5 ko SHA-1.

Ramuka uku da ake faɗawa

Ramin farko shi ne auna komai da mudu ɗaya. Wanda ya ce wa rumbun ya kawo duk makullin da bai kai 2048 ba, bai ambaci iri ba, zai kwaso dukkan makullan EC. Waɗannan lissafinsu daban ne, an gina su a kan wani lanƙwasasshen zane, kuma mai bit 256 a cikinsu ƙarfinsa daidai yake da RSA mai bit 3072 a ma'aunin hukumar NIST ta Amurka. Sai ka ga an tayar da hankalin ma'aikata a kan makullan da suka fi kowanne lafiya, na gaskiyar kuma sun ɓace a cikin tarin. Tsawo da iri tare suke tafiya a cikin tambaya.

Rami na biyu shi ne amsar da ke zuwa kashi-kashi. Rumbu ba ya zubo takardu 20,000 a tashi ɗaya. Yakan ba da wani adadi, ya haɗa da alamar da za a nuna masa domin karɓar kashi na gaba. Manhajar da ta karɓi kashin farko ta tsaya za ta kai rahoton cewa komai lafiya, alhali bakin buhu kawai ta taɓa. Maganinsa shi ne a ƙirga abin da aka karɓa, a gwada da jimillar da rumbun ya ce yana da ita.

Rami na uku shi ne tacewar da rumbun ke yi da kansa ba tare da ya faɗa ba. ACM na Amazon misali ne: idan aka nemi jerin takardu ba a lissafa irin makullan da ake so ba, ba ya kawo duka, masu makullin EC ma ba sa fitowa. Wasu rumbunan kuma sukan ɓoye takardun da wa'adinsu ya ƙare ko aka soke, ko da yake wata tsohuwar na'ura a ɗakin saba tana nan tana aiki da su. A karanta bayanin tagar kafin a gaskata amsarta.

Abin da tacewa ba za ta nuna ba

A wurin rumbu, makullin Debian mai bit 2048 da lafiyayyen makulli mai bit 2048 duk ɗaya ne, tunda tsawo kawai yake gani. Kyan ɗan maciji ke nan. Don haka bayan tacewa sai a nemi tagar ta miƙo takardun kansu, a zare makullan fili, a yi musu gwaji huɗu: a gwada su da jerin makullan Debian da aka riga aka wallafa, a nemi tambarin ROCA wanda ake ganewa nan take, a yi musu lissafin Fermat, sannan a gwada su da juna da dabarar Yuklid. Akwai manhajar kyauta mai suna badkeys da ke yin da yawa daga cikin waɗannan gwaje-gwaje. A nan ne kuma ake gano makulli ɗaya da aka yi ta kwafa a na'urori da dama, wanda satarsa daga guda ta wadatar a buɗe sauran.

Sannan rumbu abin da aka zuba masa kawai ya sani. Takardar da wani injiniya ya saya da katin bankinsa shekarun baya, ya ɗora a saba, ya bar aiki, ba ta cikin rajista. Haka wadda ta zo a cikin kyamarar tsaro ko firinta. Ana cike wannan giɓi ta hanya biyu. Ɗaya ita ce bin na'urorin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ta hanyar sadarwa, ana karɓar takardar da kowace ke gabatarwa. Ɗayar kuma duba kundin bainar jama'a: tun ƙarshen watan Afrilun 2018 burauzar Chrome ba ta karɓar sabuwar takarda sai an rubuta ta a wani buɗaɗɗen kundi, kuma kowa na iya shiga shafin crt.sh ya ga duk takardun da aka ba da da sunan shafinsa. Duk abin da ya bayyana a waɗannan hanyoyi bai bayyana a rumbu ba, shi ya fi cancantar a fara dubawa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan an gano su fa?

Ana farawa da mafi haɗari: makullan da kowa zai iya fasawa yau, sannan waɗanda ke fuskantar intanet, sannan masu sa wa wasu takardu ko manhajoji hannu, domin faɗuwar irin waɗannan tana jan duk abin da ke ƙarƙashinsu.

Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne sabunta takarda a bar makulli. Manhajoji da yawa idan aka danna sabuntawa sukan ɗauko tsohon makullin su liƙa masa sabon kwanan wata. An ga haka bayan ɓarakar Heartbleed ta watan Afrilun 2014, lokacin da shafuka da dama suka karɓi sabuwar takarda a kan makullin da ake tsoron an riga an sace. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Abin da ya dace shi ne a ƙera sabon makulli, a kan na'urar da aka tabbatar an gyara aibinta, a nemi sabuwar takarda da shi, a ɗora ta, a soke tsohuwar domin kada wani ya ci gaba da amfani da ita. Daga nan a koma a tambayi na'urar kanta abin da take gabatarwa, domin sau da yawa sabon fayil yana zaune a saba ita kuma tana nan da tsohon har sai an sake kunna ta. A ƙarshe a sa wa rumbun doka ya ƙi karɓar duk buƙatar da ta zo da raunannen makulli, a kuma mayar da binciken aikin yau da kullum.

Me ya sa maganar ta ƙara zafi yanzu?

Dalili biyu ne. Na farko, a watan Satumban 2020 an taƙaita wa'adin takardar shafin intanet zuwa kwana 398. A watan Afrilun 2025 ƙungiyar CA/Browser Forum ta amince a rage wa'adin mataki-mataki: kwana 200 daga 15 ga Maris 2026, kwana 100 daga Maris 2027, kwana 47 daga Maris 2029. Wanda ke lissafin takardunsa a littafi ko a ka ba zai iya bin wannan gudu ba.

Na biyu, ma'anar rauni kanta tana matsowa. Ana ƙoƙarin ƙera kwamfutar kwantam, wadda idan ta kai girman da ake nufi za ta warware RSA da EC gaba ɗaya, dogo da gajere. A watan Agustan 2024 NIST ta fitar da sababbin ƙa'idoji uku na makullan da za su jure mata, a watan Nuwamban shekarar kuma ta gabatar da daftarin shirin fara janye RSA mai bit 2048 bayan 2030 da haramta tsofaffin tsare-tsaren bayan 2035. Tambayar da ake yi wa rumbu yau a kan bit 1024 ita ce za a yi masa gobe a kan duk wani RSA, kuma ma'aikatar da ta gyara rajistarta tun yanzu layi ɗaya kawai za ta canza.

Wanda ba injiniya ba fa, me zai yi?

Ku riƙa sabunta waya da burauza duk lokacin da suka nema, domin ta nan ne suke koyon ƙin takardun da suka tsufa. Idan shafi ya nuna gargaɗin cewa haɗin ba amintacce ba ne, kada ku tsallake shi ku rubuta lambar sirri ko lambar katin banki. Rautar gida ko ta shago, da kyamarar tsaro, su ma suna da manhajar da ake sabuntawa, kuma wadda kamfaninta ya daina kula da ita ta cancanci a canza ta.

Idan kuma kuna da shafi, na makaranta ne ko na kasuwanci ko na ƙungiya, ku rubuta sunansa a shafin gwaji na SSL Labs, kyauta ne, zai nuna irin makullin da tsawonsa da sa hannun. Sannan ku zauna da wanda ke kula muku da shi ku yi masa tambaya uku: takardun shaida nawa muke da su, a ina aka ƙera makullansu, kuma yaushe aka canza makullin kansa, ba kwanan watan takardar ba. Idan ya amsa nan take da jeri a hannu, kuna hannun ƙwararre. Idan ya ce sai ya bincika, ku sa masa rana, ku kuma nemi ya kawo muku jerin a rubuce.